Me ya sa ƙasashe ke zuba biliyoyi a rediyon jiragen yaƙi?

Tun daga daren 7 ga Mayun 2025, lokacin da jiragen yaƙin Indiya da na Pakistan suka yi arangama, ake tafka muhawara a majalisun hira da shafukan Facebook: Rafale ƙirar Faransa ne ya ji kunya, ko J-10C ƙirar China ne ya kawo ƙarfi? Pakistan ta ce ta kakkaɓo jiragen Indiya, har da Rafale. Indiya ta yi ta nuƙu-nuƙu, sai a ƙarshen watan babban hafsan tsaronta, Janar Anil Chauhan, ya amsa cewa sun yi asarar jirage, bai dai faɗi adadi ba. Daga baya ita ma ta ce ta harbo na Pakistan, Pakistan ta musanta.

Duk musun ya tsaya a kan wane jirgi ya fi wani, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Jirage sama da 100 ne suka tashi a wannan dare, kowane ɓangare yana cikin sararin ƙasarsa, kuma daga nisan da ya haura kilomita 100 aka riƙa sakin makamai masu linzami. Babu matuƙin da ya ga abokin gabarsa da ido. To wa ya nuna masa inda zai harba? Wani rahoton Reuters na watan Agustan 2025 ya ce Pakistan ta haɗa jiragenta ƙirar China da jirgin leƙen sama ƙirar Suwidin ta wani layin musayar bayanai nata na gida, Data Link 17. Da wannan layi J-10C zai iya kashe radarsa ya taho shiru, yana karɓar hoton sararin sama daga wani jirgin da ke can baya. Jirgin da ya kunna radarsa ya sanar da maƙiyi zuwansa. Wanda wani jirgin ke gani a madadinsa kuwa sai dai a ji saukar makaminsa.

Wannan ne ya sa idan ka duba kasafin tsaron Amurka da na ƙasashen NATO za ka tarar da maƙudan kuɗi a ƙarƙashin sabunta rediyo da na'urorin sirri na jiragen da wasunsu sun haura shekara 30 suna aiki. Me ake sabuntawa? Me ya sa yake cin kuɗi haka? Kuma ina ruwan talakan da bai taɓa shiga jirgi ba?

Me ake nufi da sadarwar sirri a jirgin yaƙi?

Hanyoyi uku ne mutane ke cuɗawa wuri ɗaya. Akwai rediyon murya, wanda matuƙi ke magana da shi da abokin tafiyarsa ko da jami'in da ke ƙasa, dangin oba-oban da muke gani a hannun jami'an tsaro. Akwai layin bayanai, inda kwamfutar jirgi ke magana da kwamfutar wani jirgin ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Sai kuma na'urar tantance aboki: radar ta aika tambaya a rufe, jirgin da ke namu ya mayar da amsar da ta dace, a san ba a harbinsa.

Maƙiyi kuma yana da abin da yake nema a kowacce. Yana so ya saurara. Idan ya kasa, yana so ya cika tashar da hayaniya har kowa ya daina jin kowa. Idan wannan ma ya gagara, to aƙalla ya gane daga ina siginar ke fitowa, domin eriyar da ke watsa saƙo tana tona asirin inda mai ita yake ko da ba a fahimci kalma ɗaya ba. Mafi muni shi ne ya shigo cikin layin ya yi shigar aboki, ya ba da umarnin ƙarya.

A nan ne amsar wata tambaya da ake yawan yi take: tunda WhatsApp da Signal suna kulle saƙo, me zai hana sojoji su yi amfani da irinsu su huta? Kulle saƙo yana maganin mai saurare ne kaɗai. Ba ya hana toshewa, ba ya ɓoye inda kake, kuma manhajar waya tana dogara ne da turakun sadarwar kamfani, waɗanda babu su a inda jirgin yaƙi ke shawagi. Ko kullen ma ba ya tsare ka daga sakacin mai riƙe da ƙofa. A Maris ɗin 2025 manyan jami'an gwamnatin Amurka sun tattauna harin da za a kai wa 'yan Houthi na Yaman a wani zaure na Signal, sakataren tsaro Pete Hegseth ya rubuta lokutan tashin jiragen F-18, ashe an saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, a zauren bisa kuskure. Kullen bai karye ba. Baƙo aka shigar ciki.

Rashin kullen gaba ɗaya kuma an ga abin da yake jawowa. A Disambar 2009 ta fito fili cewa mayaƙa a Iraƙi suna kallon bidiyon da jiragen Predator marasa matuƙa ke aikowa ƙasa, da wata manhaja ta dala 26 mai suna SkyGrabber, saboda bidiyon a buɗe yake sauka.

Tsalle daga mita zuwa mita

Maganin toshewa da aka fi dogara da shi shi ne kada rediyo ya zauna a mita ɗaya. Ka ɗauka mutum biyu ne ke ciniki a kasuwa, ga wani mai ganga ya sha alwashin ba za su ji juna ba. Sai suka shirya tun daga gida: kalmar farko a rumfar mai hatsi, ta biyu a ta mai goro, ta uku a ta maɗinki, bisa jerin da su kaɗai suka sani. Kafin mai ganga ya iso rumfa sun bar ta. Ko dai ya gano jerin, ko ya samo makaɗan da za su cika kasuwar duka, kuma wannan ba ƙaramin ƙarfi yake buƙata ba.

Haka tsarin HAVE QUICK yake aiki. Amurka ta fito da shi a farkon shekarun 1980, bayan darasin Biyetnam da yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 sun nuna cewa toshe rediyon matuƙa ba wuya. Yana tsalle ne a tsakanin megahaz 225 zuwa 400. Kafin rediyo biyu su ji juna sai sun dace a abu uku: lambar sirrin ranar, wadda ke tsara jerin tsallen, lambar zauren, da kuma agogo. Agogon nan shi ne mai wuyar sha'ani. Idan na wani jirgi ya kauce ko da ɗan ƙanƙanin sakan ne, sai matuƙin ya ji maganar 'yan'uwansa tana yankewa, ko ya ji shiru. Sai ya koma tashar da ba ta tsalle ya roƙi abokinsa ya aiko masa da "mickey", wato siginar daidaita agogo, ya ji ɗan ƙaranta a kunne, sannan ya koma zauren. Galibi daga taurarin GPS ake ɗaukar wannan lokaci, don haka mai dagula GPS yana iya taɓa rediyo ta bayan gida.

HAVE QUICK ba ya kulle magana da kansa. Sai an haɗa shi da wani akwatin sirri daban, irin su KY-58. Kuma tsallensa, wanda a 1980 ya fi ƙarfin na'urorin maƙiyi, yau ya zama tafiyar hawainiya. Na'urar zamani tana iya hango inda siginar ta sauka ta bi ta da hayaniya kafin ta tashi. Shi ya sa NATO ke ƙaura zuwa SATURN, mai tsalle da sauri nesa ba kusa ba, kuma mai ɗaukar murya a matsayin lambobin kwamfuta. Matsalar ƙaura irin wannan ita ce ba a yin ta rabi: jirgin da ya koma sabon tsari da wanda bai koma ba, sai dai su haɗu a tsohon, ko a buɗaɗɗiyar tasha.

Link 16, ƙashin bayan yaƙin sama na NATO

Murya tana da iyaka. Kafin jami'i ya gama karanta wa matuƙi wurin jiragen maƙiyi guda takwas, da tsayin kowanne da inda ya dosa, na farkon ya yi tafiyar kilomitoci. Link 16 ne ya kawar da wannan wahala. Tushensa na shekarun 1970 ne, kuma akwatin MIDS da ya sa ya shiga ƙananan jiragen yaƙi aikin haɗin gwiwa ne na Amurka, Faransa, Jamus, Italiya da Sifaniya.

Yana aiki a tsakanin megahaz 960 zuwa 1,215, yana tsalle a kan mitoci 51, kusan sau 77,000 a sakan guda. An yanka kowane sakan gida 128, an raba wa mahalarta. Kowa ya san nasa gidan, a ciki yake magana, a sauran yana saurare. A nasa gidan jirgi yana cewa ga ni, ga inda nake, ga man da ya rage min, ga makaman da nake ɗauke da su, ga kuma abin da radata ta hango. Jirgin ruwa ma haka, rukunin makaman kakkaɓo jirage na Patriot ma haka, jirgin leƙen sama na AWACS ma haka. Abin da matuƙi ke gani a allon gabansa shi ne taswira ɗaya da kowa ya zuba nasa a ciki: alamar aboki daban, ta maƙiyi daban, ta wanda ba a tantance ba daban, kowacce da ɗan layi mai nuna inda ta nufa. Babu wata uwar tasha da idan an rusa ta komai ya tsaya. A harbo jirgi ɗaya, gidansa ne kawai zai yi shiru.

Sai dai tsufa ya kama shi. Abin da yake iya ɗauka a tsarinsa na asali bai wuce kilobit 115 a sakan ba. Hoton waya ɗaya mai megabayit 3 zai ci fiye da minti uku kafin ya wuce. An gina shi ne don gajerun saƙonni, ba don bidiyon jirgi maras matuƙi ba. Yana kuma buƙatar eriya ta hangi eriya, kimanin kilomita 550 a sararin sama, idan dutse ya gitta sai an samu mai miƙawa. Ga shi yana watsa siginarsa ta kowace fuska, abin da jirgin da aka ƙera don ɓuya ba ya so. Kuma mitocin nasa a unguwa ɗaya suke da na'urorin da jiragen fasinja ke auna nisa da su, shi ya sa cikin gyaran da ake yi har da ba shi ikon kauce wa wasu mitoci idan hukumomin sufurin sama sun buƙata. A Nuwambar 2023 Amurka ta gwada watsa Link 16 daga ƙananan taurarin ɗan'adam, don a rage matsalar dutse da nisa.

Abin da ya faru a arewacin Iraƙi a 1994

Duk wanda ke ganin maganar rediyo ƙaramar magana ce, ya dubi 14 ga Afrilun 1994. Jirage masu saukar ungulu biyu na sojan ƙasan Amurka, ƙirar Black Hawk, sun shiga yankin da aka hana jiragen Saddam Hussein shawagi a arewacin Iraƙi. Suna ɗauke da jami'an Amurka, Birtaniya, Faransa da Turkiyya, da wasu Kurdawa. Jiragen F-15 biyu na sojan saman Amurkan suka zo sintiri, suka hango su a radar.

F-15 suna magana ta HAVE QUICK, Black Hawk ɗin ba su da shi, kuma suna kan wata tasha daban. Lambar tantancewar da suka saka ta sararin Turkiyya ce, ba ta yankin da suka shiga ba, don haka da aka aika musu tambaya amsar ba ta gamsar ba. Akwai jirgin AWACS a sama wanda ya san da zuwan Black Hawk ɗin tun da farko, amma ma'aikatansa ba su tsawatar ba. Matuƙin F-15 ya gitta ya leƙa, ya ɗauka Mi-24 ne na Iraƙi. Aka saki makamai biyu. Mutum 26 da ke ciki babu wanda ya tsira. Ƙasa ɗaya, rana tsaka, babu maƙiyi ko ɗaya a sama, amma rundunoni biyu ba sa jin juna.

Indiya ta ɗanɗana irin wannan a 27 ga Fabrairun 2019. A tsakiyar artabu da Pakistan, dakarun kare sararin samanta suka harbo helikwaftarsu ƙirar Mi-17 a Budgam ta yankin Kashmir, sojoji shida da farar hula ɗaya suka mutu, kuma rundunar ta amsa laifin daga baya. A wannan safiyar ce aka harbo MiG-21 na matuƙin Indiya Abhinandan Varthaman a ɓangaren Pakistan. Rahotannin Indiya sun ce an umarce shi ya juyo amma bai ji ba saboda an toshe rediyonsa. Bayan nan ne Indiya ta gaggauta sayen sababbin rediyo daga kamfanin Rafael na Isra'ila.

Mabuɗi ma yana tsufa

Ɓangaren da ba a cika gani ba shi ne na mabuɗi. Sirrin ba ya cikin akwatin rediyo kaɗai, yana cikin doguwar lambar da ake ɗura masa, wadda ake canjawa a kai a kai. Kafin jirgi ya tashi, wani ma'aikaci zai zo da 'yar na'ura a hannu, ya jona kebul a jikin rediyon, ya ɗura mabuɗin ranar, ya sa hannu a takarda, ya wuce jirgi na gaba. Idan ya ɗura na jiya, jirgin zai tashi kurma. A ɗakin matuƙi kuma akwai maɓallin da ke goge mabuɗan duka nan take, saboda ranar da jirgi zai faɗa hannun da bai dace ba. Irin wannan rana ta zo a 1 ga Afrilun 2001, lokacin da jirgin leƙen asirin Amurka EP-3 ya yi karo da jirgin yaƙin China ya sauka dole a tsibirin Hainan; ma'aikatansa 24 sun yi ta ƙoƙarin lalata na'urori da takardu kafin a buɗe ƙofa.

Ɓarnar da ta fi kowacce kuwa daga cikin gida ta fito. John Walker, jami'in sadarwa a rundunar ruwan Amurka, ya yi ta sayar wa Tarayyar Sobiyat jerin mabuɗai daga 1967 har aka kama shi a 1985. A Janairun 1968 kuma Koriya ta Arewa ta kama jirgin ruwan USS Pueblo da na'urorin sirrinsa. Akwati a hannu, mabuɗi a hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a harkar nan tsagar ta fi zuwa ta wajen mutum.

Lissafin da ake kulle saƙon da shi ma yana tsufa, domin kwamfutocin masu fasawa kullum ƙara ƙarfi suke. Dalilin da ya sa ke nan aka daina amincewa da tsohon tsarin tantance aboki na Mode 4 daga 30 ga Yunin 2020, aka koma Mode 5. Akwai kuma fargabar kwamfutar kwantam, wata sabuwar irin kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, wadda idan ta kammalu za ta iya karya wasu nau'o'in kulle da ake musayar mabuɗi da su a yau. Maƙiyi mai haƙuri zai iya naɗar saƙonni yanzu ya ajiye, ya jira ranar da zai iya buɗewa. A Agustan 2024 hukumar NIST mai tsara ƙa'idojin fasaha ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin farko na kullen da zai jure wa wannan, kuma gwamnatin ƙasar ta sa 2035 a gaba don kammala ƙaura. Tsofaffin akwatuna lissafinsu a ƙere yake cikin ƙarfe, ba ya canjuwa sai an cire akwatin. Sababbi, irin su MIDS JTRS da sabon zubin rediyon ARC-210, manhaja ce ke tafiyar da su, ana iya ɗura musu sabon lissafi da sabon salon tsalle ba tare da an kwance jirgi ba. Zuciyar sabuntawar ke nan.

Me ya sa yake cin kuɗi da shekaru?

Sayen akwatin ne mafi sauƙi. Jirgin yaƙi ba shi da sarari ko na tafin hannu da ba a riga an cusa wani abu ba. Sabon rediyo yana son wuta, yana son sanyaya, wani lokaci yana son sabuwar eriya, wato a huda jikin jirgi a sake gwada ƙarfinsa. Sai an gyara manhajar kwamfutar jirgin ta san da shi, sai an tabbatar ba ya dagula radar ko linzamin makamai, sai hukumar sirri ta tantance, sai an yi gwajin tashi. Kuma kowane nau'in jirgi da nasa aikin daban. Jirgin da ke gareji ana yi masa wannan ba ya fagen daga, don haka kaɗan-kaɗan ake janye su.

Amurka da kanta ta sha ƙasa a nan. A 1997 ta ƙaddamar da shirin JTRS da burin rediyo iri ɗaya ga dukan rundunoninta; a 2011 aka soke babban reshensa na motocin sojan ƙasa bayan an kashe kimanin dala biliyan 6. Jiragenta biyu na zamani, F-22 da F-35, kowanne an ƙera masa layin ɓoye nasa, kuma layukan biyu ba sa jin juna. F-22 ya shafe shekaru yana karɓar Link 16 amma ba ya iya aikawa. A duwatsun Afganistan sai da aka ɗora wata na'urar tafinta mai suna BACN a kan jirage masu tashi can ƙololuwa, aikinta kawai ta karɓi magana daga wannan tsari ta miƙa wa wancan. Girman kasuwar kuwa, a farkon 2023 kamfanin L3Harris ya sayi sashen Link 16 na kamfanin Viasat a kan kusan dala biliyan 2.

Masu suka, da batun wa ke riƙe da mabuɗin

Ba kowa ne ya gamsu ba. Wasu tsofaffin matuƙa suna ganin wanda ya saba da cikakkiyar taswira a allo zai rikice ranar da aka ɗauke ta, kuma yaƙi da babbar ƙasa zai fara ne da ɗauke ta. Suna da hujja: a yankin tekun Baltik dagula GPS ya kai ga kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Istoniya na wata guda a 2024. Wasu kuma suna tuna mana cewa na'ura ba ta kawar da kuskure. A Disambar 2024 jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Gettysburg ya harbo F/A-18 na Amurkan a Bahar Maliya, duk da kayan zamanin da ke jikin kowannensu. Allah Ya sa matuƙan biyu sun tsira. A ganina wannan suka gaskiya ce, amma abin da take nunawa shi ne a ƙara horo a kan yaƙi cikin shiru, domin babu rundunar da za ta yarda ta koma karanta wa matuƙi lambobi da baki.

Sukar da ta fi nauyi ta 'yancin kai ce. Na'urar sirrin Link 16 da mabuɗanta a ƙarƙashin ikon Amurka suke. Ba kowane mai kuɗi ake sayar wa ba, kuma wanda aka sayar wa sai ya sa hannu a yarjejeniyar yadda zai adana su, ya yarda a zo a duba. Indiya ta sayi jiragen C-130J da P-8I daga Amurka, suka iso babu na'urorin sirrin Amurkan a ciki, har sai da ta sa hannu a yarjejeniyar COMCASA a Satumbar 2018, bayan shekaru tana ɗari-ɗari. Turkiyya, 'yar NATO tun 1952, an cire ta daga shirin F-35 a Yulin 2019 saboda ta sayi makaman S-400 na Rasha, bisa fargabar cewa radar Rasha za ta tattara sirrin jirgin. Pakistan da ke da F-16 na Amurka da jiragen China a gida ɗaya, ta ga ba ta da mafita sai ta gina nata layin.

Inda abin ya shafe mu

Rundunar sojan saman Najeriya tana da jirage daga kusan kowace kusurwa. Alpha Jet na Faransa da Jamus, L-39 na Cek, F-7 na China, JF-17 guda uku daga Pakistan da aka ƙaddamar a Makurɗi a Mayun 2021, A-29 Super Tucano guda 12 ta hannun Amurka da suka iso a 2021, Mi-35 na Rasha, T129 na Turkiyya, da jirage marasa matuƙa na China. Ga M-346 guda 24 da aka yi oda daga Leonardo na Italiya, ga AH-1Z guda 12 da Amurka ta amince ta sayar a Afrilun 2022 a kan kusan dala biliyan 1. Rarraba sayayya haka yana da hikima, domin ƙasar da aka taɓa hana wa makamai a tsakiyar yaƙi ba za ta so ta rataya a wuyan mai sayarwa ɗaya ba. Amma kowane mai ƙira da irin harshen da jirginsa ke ji, kuma Amurka ba ta barin a jona na'urar sirrinta da kayan China ko na Rasha yadda aka ga dama.

'Yan bindigar Zamfara da mayaƙan tafkin Chadi ba su da jiragen yaƙi, don haka buƙatarmu ta sha bamban da ta NATO. Layin da ya fi muhimmanci a nan shi ne wanda ke tsakanin matuƙi da sojan da ke ƙasa, da kuma tsakanin rundunonin da ke aiki a sarari ɗaya. Ranar 18 ga Yulin 2021 aka harbo Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Sanarwar rundunar ta ce matuƙin, Flight Laftanar Abayomi Dairo, ya yi amfani da duhun dare da wayarsa ta hannu wajen gane hanya har ya isa wurin sojoji. Jarumtarsa abin yabo ce, kuma labarin yana nuna yadda ran matuƙi ke rataye a kan abin sadarwar da ya rage a jikinsa bayan ya diro.

Sai waɗanda ba su tsira ba. A Rann ta jihar Borno, 17 ga Janairun 2017, jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, mutane da dama suka mutu har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Binciken hedikwatar tsaro ya ce ba a sanya wurin a taswirar aiki a matsayin sansani ba. A Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, daren 3 ga Disambar 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kashe masu Mauludi aƙalla 85 bisa ƙididdigar NEMA, kuma sojan sama suka fito suka ce ba nasu ba ne. Ba zan ce sabon rediyo zai hana waɗannan masifu ba. Layin bayanai abin da aka zuba masa yake kaiwa. Sansanin da ba a rubuta ba, ba zai bayyana a allon kowa ba. Amma taswira ɗaya da sojan ƙasa da na sama ke gani a lokaci guda, mai ɗauke da ƙauyuka da sansanoni da inda dakarunmu suke, da kuma jami'i a ƙasa wanda muryarsa ke isa kunnen matuƙi ba tare da ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ya ji ba, suna ƙara yawan mutanen da ke da damar cewa a dakata kafin a danna.

Wannan aiki ba ya ɗaukar hoto mai kyau a ranar ƙaddamarwa, shi ya sa yake saurin faɗuwa daga kasafi. Kwamitocin tsaro na Majalisar Dattawa da ta Wakilai suna da hurumin tambaya kafin sababbin jiragen su gama isowa: da wane rediyo za su yi magana da Super Tucano da ke Kainji da kuma bataliyar da ke daji, wa ke samar da mabuɗan, kuma idan mai sayarwa ya juya baya wa zai gyara. Muna da injiniyoyin rundunar sojan sama, waɗanda suka yi aikin ƙera jirgi maras matuƙi na Tsaigumi da aka ƙaddamar a 2018. Rediyon da manhaja ke tafiyarwa ya buɗe ƙofar da a da take rufe, domin ƙasa tana iya sayen akwatin a waje ta rubuta nata salon tsallen da nata kullen a gida, kuma injiniyoyin da za a ɗora wa wannan aiki sai an fara horar da su shekaru kafin a buƙace su.